Gadon jariri: Abin da kasuwa ke tallatawa da abin da ɗakin mai jego ke buƙata a Toranke

A da, gadon jariri abu ne da ba a cika ganinsa ba sai a ɗakin haihuwa na asibiti ko a gidajen manyan ma'aikata a birnin Kano. Yanzu ya shiga jerin kayan haihuwa. Masu sayar da kaya a WhatsApp da Facebook da TikTok suna tallata shi iri-iri: na katako, na ƙarfe, mai naɗewa da ɗan gidan sauronsa, da wanda ake jijjigawa kamar lilo.

Hotunan nan suna isa wayar matar da ke Toranke, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ajingi a gabashin Jihar Kano, a daidai lokacin da suke isa wayar matar da ke tsakiyar birni. Wanda bai iya sayen sabo ba ya nufi gwanjo, ko ya nuna wa kafintan garin hoton ya ce a yi masa irinsa.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne, wasu daga cikin samfuran nan an riga an haramta sayar da su a ƙasashen da aka ƙirƙiro su, bayan sun yi sanadin mutuwar jarirai. Sannan ƙa'idojin kwantar da jariri da ke yawo a intanet an tsara su ne a ƙasashen da ba su fama da cizon sauro, kuma ba a shigar da kaskon wuta ɗaki idan sanyi ya tsananta.

Saboda haka tambayar da ke gaban iyaye a Toranke da Gaya da sauran garuruwan yankin ta wuce wane gado za a saya. Ita ce: a ina jariri zai kwana ya kuɓuta daga sauro da sanyi da hayaƙi, kuma numfashinsa bai toshe ba?

Me ya sa batun yake da muhimmanci?

Binciken Lafiya da Yawan Al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai wa shekara biyar. A yankin Arewa maso Yamma adadin ya kai 187. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 110, wanda har yanzu yana cikin mafiya muni a duniya.

Manyan abubuwan da ke kashe yaran sanannu ne: matsalolin haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari, gudawa da tamowa. Babu mai cewa gado ya fi waɗannan kisa. Sai dai biyu daga cikinsu, wato zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙarƙari, suna da alaƙa kai tsaye da wurin kwanan yaro: ko yana cikin gidan sauro, da kuma irin iskar da yake shaƙa cikin dare.

Akwai kuma mutuwar da ba ta shiga lissafi. Jariri ya sha nono lafiya ƙalau, an kwanta da shi, da asuba a tarar rai ya yi halinsa. A ƙauye irin wannan ba ya kai wa asibiti. Kafin azahar an yi masa sutura, kuma ba a yi wa mutuwar rajista. Wasu su ce uwar ce ta danne shi cikin barci, wasu su ce iska ce ko mayu, akasari kuma a ce kwana ne ya ƙare.

Likitoci na kiran wannan mutuwar fuju'a ta jarirai. A Amurka, inda ake bincikar kowace irin wannan mutuwa, ana rasa jarirai kusan 3,500 a kowace shekara a lokacin barci. Binciken da aka yi a can da Turai ya nuna haɗarin ya fi yawa tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu, kuma kusan tara cikin goma na faruwa ne kafin jariri ya cika wata shida.

Binciken ya kuma nuna abin ana iya rage shi. Birtaniya ta fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka ta bi sahu a 1994. A cikin 'yan shekaru adadin mace-macen ya ragu da fiye da rabi a ƙasashen biyu, ba tare da an ƙirƙiro wani sabon magani ba. Yadda ake kwantar da yaro kawai aka sauya.

Kayan da aka kora daga wata kasuwa

A watan Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye wani ɗan gadon lilo mai suna Rock 'n Play guda miliyan 4.7 daga kasuwa, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai sama da 30. Zuwa Janairun 2023, da aka sake sanar da janyewar, adadin ya kai kusan 100.

Matsalar gadon ita ce a kishingiɗe yake kwantar da jariri. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan ya yi barci a haka, haɓarsa kan faɗo kan ƙirjinsa ta matse hanyar iska, ko kuma ya mirgina fuskarsa ta shige cikin tattausan yadin gefe ya kasa ɗagowa.

A Satumban 2021 aka janye wani matashin kwantar da jarirai na kamfanin Boppy guda miliyan 3.3 bayan mutuwar jarirai takwas. A Mayun 2022 Shugaba Joe Biden ya sanya hannu kan dokar da ta haramta ƙerawa da sayar da gadon jarirai mai gangaren da ya wuce digiri 10, da kuma tattausan matashin da ake zagaye cikin gado da shi don kada yaro ya bugu. Tun 2011 Amurka ta hana sayar da gado mai gefe ɗaya da ake saukewa a ɗaga, domin idan ya saki yakan buɗe giɓin da yaro ke faɗawa ya maƙale.

Janye kaya daga kasuwa ba ya nufin sun ɓace. Mafi yawan waɗanda suka saya ba sa mayarwa, kuma kayan yara da aka gama amfani da su a Turai da Amurka na daga cikin abin da ke cika kwantenonin gwanjo da ke shigowa Afirka ta Yamma. Ko da ainihin samfurin bai iso ba, masu kwaikwayo suna ƙera irinsa da wani suna ko ba suna ma, a sayar da shi da araha.

A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su, ita kuwa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kayayyaki, FCCPC, dokar da ta kafa ta a 2019 ta ba ta ikon sa a janye kayan da ke da haɗari. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Amma kayan gwanjo ba su zuwa da kwali ko takardar gargaɗi, haka shi ma gadon da kafinta ya yi a bakin kasuwa ba ya bi ta gaban kowane jami'i. A aikace, mai saye shi ne mai tantancewa na farko kuma na ƙarshe.

Tsadar rayuwa ta ƙara tura mutane wannan ɓangare. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin kaya ya yi ta hauhawa, har alƙaluman hauhawar suka haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Magidancin da ke fafutukar ragon suna ba zai tsaya neman gado mai takardar shaida ba.

Ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta

Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, wadda ta sabunta shawarwarinta a 2022, da hukumomin lafiya na Birtaniya sun haɗu a kan abubuwa kaɗan. A kwantar da jariri rigingine a duk barcin da zai yi, dare ko rana. Shimfiɗar ta kasance miƙaƙƙiya mai tauri, wadda ba ta lotsawa idan aka ɗora shi. Kada a sa komai a wurin sai shi kaɗai: ba filo, ba babban bargo, ba 'yar tsana. Kuma ya kwana a ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa aƙalla wata shida na farko.

Kwanciyar rigingine ita ce iyaye mata da kakanni suka fi jayayya da ita. Tsoronsu shi ne jariri zai yi tumbuɗi ya shaƙe, shi ya sa ake kwantar da shi ta gefe ko ruf da ciki. Tsoron yana da dalili, amma halittar maƙogwaro ta nuna akasin haka. Idan yaro yana rigingine, hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, don haka abin da ya dawo yakan koma ta inda ya fito. Idan yana ruf da ciki, tumbuɗin yana taruwa ne a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe kuwa matsalarta ita ce cikin sauƙi yaro ke mirginawa ya kife.

Idan aka lura, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi. Hasali ma kayan da ke ƙara wa gado tsada da kyan gani, irin su filo mai ado, katifa mai laushi da labulen da ke zagaye gadon, su ne suka fi haɗari.

Inda ƙa'idar ke karo da gidan sauro

A wani wuri guda ne masana suka rabu. Likitocin Amurka sun ce kada uwa ta kwana gado ɗaya da jariri ko ta halin ƙaƙa. Hukumomin Birtaniya sun ɗauki matsaya mai sauƙi: tunda iyaye da yawa za su yi hakan ko an hana su, gara a koya musu yadda za su rage haɗarin da kuma lokutan da bai kamata a yi ba sam.

A ƙasar Hausa matsaya ta biyun ce ta dace da zahiri. Uwa da jaririnta shimfiɗa ɗaya suke kwana, hakan kuma yana sauƙaƙa shayarwa cikin dare, shayarwar da ita kanta tana rage haɗarin mutuwar fuju'a. Ga kuma batun sauro. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Kano na cikin jihohin farko da aka fara rabon gidan sauro mai magani ga kowane gida a 2009, daga baya kuma tsarin rabon ya zama gidan sauro ɗaya ga mutum biyu. Jaririn da aka haifa bayan an gama rabo, a ƙarƙashin na uwarsa yake fakewa. Idan aka ciro shi aka sa a wani kyakkyawan gado da ke wajen gidan sauron, an guje wa ƙaramin haɗari ne an faɗa babba.

Ɗan gidan sauron da ke zuwa maƙale da gadon naɗewa ma ba lallai ya maye gurbin na asibiti ba. Akasarinsu ba su da magani, kuma ƙanƙantarsu na sa hannu ko kumatun yaro su jingina da ragar, sauro ya cije shi ta waje. Idan ya yage ko ya saki, yana iya faɗowa kan fuskarsa.

Don haka a wuri irin Toranke, duk gadon da za a zaɓa sai ya cika sharaɗi ɗaya kafin komai: ko dai ya shiga cikin gidan sauron uwar, ko kuma a samar masa nasa mai magani, a ɗaure shi daga sama ya miƙe, a cusa gefensa ta yadda yaro ba zai jawo shi ba.

Idan kuma shimfiɗa ɗaya za a kwana, akwai abubuwan kiyayewa. Jariri ya kasance a gefen uwarsa, ba tsakaninta da miji ko yayyensa ba. A nisantar da filo da bargon manya daga gare shi. A duba kada a sami giɓi tsakanin katifa da bango ko allon gado. Akwai kuma yanayin da bai kamata a haɗa shimfiɗa ba: idan jaririn bakwaini ne ko an haife shi da ƙarancin nauyi, idan uwa ko uba na shan taba, ko idan uwar ta sha maganin mura ko na tari mai sa barci. Barci da jariri a kan kujerar falo kuwa shi ya fi kowanne haɗari.

Hunturu, kasko da ɗakin jego

A watannin Disamba da Janairu sanyin dare a yankin Kano yakan sauko kusan digiri 12, wani lokaci ma ƙasa da haka. A nan ne ake rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon gawayi, a naɗe jariri da riga kan riga, da hula da safa da bargo.

Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke sa mutum barci mai nauyi har ya zarce. Jariri ya fi babba saurin numfashi, don haka shi yake fara jikkata. Hayaƙin itace da na maganin sauro na kunnawa, wanda ake kira igiyar leƙo, su ma suna raunana huhun yaro. Ga haɗarin gobara: katifar soso da gidan sauro ba sa jimirin tartsatsi, shi ya sa a duk hunturu Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ke jan kunnen jama'a kan shiga ɗaki da wuta.

Zafi fiye da kima shi ma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin mutuwar fuju'a. Wannan ya shafi al'adar jego kai tsaye. Tun a shekarun 1970 likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Neil Davidson da Eldryd Parry, suka rubuta yadda wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa suke da alaƙa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Binciken nasu kan iyaye mata ne, amma ɗakin da aka ɗumama wa uwa a cikinsa jariri yake kwana, kuma jikinsa bai iya daidaita zafi kamar na babba ba.

Ma'aunin da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ne. A sa wa jariri tufa ɗaya fiye da abin da babba ya sa ya ji daidai. A taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, ba tafin hannu ko ƙafa ba, domin su kullum a sanyaye suke. Idan yana gumi ko jikin ya yi zafi, a rage. Idan za a lulluɓe shi, a yi da zane marar nauyi da ya tsaya a ƙirji, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ƙafafunsa kuma su kasance a ƙarshen gadon don kada ya zame ya shige ciki. Kaskon kuwa a ɗumama ɗakin da shi a fitar kafin a kwanta.

Abin da za a faɗa wa kafinta

Ga mafi yawan gidaje a Ajingi da Gaya, gadon da zai fi sauƙin samu shi ne wanda kafinta ko mai walda zai yi. Wannan ba koma-baya ba ne, matuƙar an ba shi awo. Kafinta yana yin abin da aka nuna masa ne, hoton waya kuwa ado yake nunawa, ba ya nuna tazara.

Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6. Idan gwangwanin lemo ya iya ratsawa, ta yi faɗi, domin jikin jariri zai iya zurarewa kansa ya maƙale. Kada a yanka ramukan ado a allon kai ko na ƙafa, saboda dalili ɗaya.

Katifar ta cika gadon daram. Idan yatsu fiye da biyu suka shiga tsakaninta da katako, ta yi ƙanƙanta. Ta zama mai tauri: a danna da hannu, in shatin hannun ya zauna, ba ta dace ba. A cire ledar da sabuwar katifa ke zuwa da ita. Mutane da yawa na barin ta don kare katifa daga fitsari, alhali siririyar leda tana iya manne wa hanci da bakin yaro. Ledar fitsari mai kauri ita ma a shimfiɗa ta ƙarƙashin zanen gado, a ɗame ta sosai.

Tsayin gefen gadon daga saman katifa ya kai aƙalla rabin mita, domin ranar da yaro ya fara miƙewa tsaye. Gefe huɗun duka su zama kafaffu. Kada a bar ƙusa ko noti ko kan sanda a tsaye a kusurwa, inda wuyan riga ko igiyar laya za ta iya sarƙewa. Duk wani abu mai igiya, har da abin wuya, a cire shi kafin barci.

Sai batun fenti. Yaron da ya fara haƙori yana gwaguyar gefen gado, kuma bincike ya sha gano dalma mai yawa a wasu fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya. Arewa ta san illar gubar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan da ake sarrafa zinare. Kaɗan daga cikinta ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro har abada. Katakon da aka goge ya yi sumul ba tare da fenti ba ya fi tsohon gadon gwanjo mai fentin da ke ɓarewa.

Idan yaro ya fara yunƙurin haurawa, ko tsayinsa ya kai kusan santimita 90, lokacin barin gadon ya yi. Katifa a ƙasa cikin gidan sauro ta fi masa aminci a kan dogon gadon ɗakin amarya, inda faɗowa ke iya zama karaya. Daga nan hankali ya koma kan abin da zai tarar idan ya farka kafin kowa: bokitin ruwa, murhu, kwalbar fiya-fiya ko kananzir, da rijiyar da ba a rufe ba.

Darasi daga kwandon saƙa

Akwai al'ummar da ta fuskanci irin wannan tsaka mai wuya. Ƙabilar Mawori ta ƙasar Niyu Zilan suna kwana da jariransu a shimfiɗa ɗaya, kuma mutuwar fuju'a ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ana ce musu su daina, ba su daina ba.

A 2006 wani likita ɗan ƙabilar, David Tipene-Leach, tare da mata masu saƙa suka fito da wani kwando mai shimfiɗaɗɗen gindi da ake saƙawa da ganyen wata ciyawa ta gargajiya, ana kiransa wahakura. Ana sa masa siririyar katifa mai tauri, a ɗora shi a kan gadon iyaye. Jariri yana kusa da uwarsa, tana miƙa hannu ta shayar da shi, amma yana da nasa wurin da ba za a danne shi ba. Daga baya aka yi na roba, hukumomin lafiya suka riƙa rabawa. Tsakanin 2009 da 2015 mutuwar jariran da suka wuce makon farko ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a ƙasar, kuma raguwar ta fi yawa a cikin 'yan ƙabilar.

Finlan kuwa tun 1938 take bai wa masu juna biyu kwalin kayan jariri mai ɗauke da 'yar katifa, wanda ake iya kwantar da jaririn a ciki. Daga 1949 aka faɗaɗa shi ga kowa, da sharaɗin mace ta je awo tun cikin yana ƙarami. Masana da dama na ganin wannan sharaɗi shi ne babban amfanin shirin.

Ƙasar Kano ba ta rasa masu saƙar kaba da kwando ba. Kwando mai faɗin gindi da ƙarfin gefe, wanda zai shiga cikin gidan sauron uwa, zai iya warware rikicin sauro da na dannewa a lokaci guda, a farashin da bai kai na gadon gwanjo ba. Kafin a yaɗa shi dai sai likitocin yara, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, sun gwada sun fitar da awonsa.

Wa zai isar da saƙon?

Binciken 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kusan haihuwa 16 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti. Ma'ana, wadda ta fara kwantar da jariri ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Ungozoma ce, ko kaka, musamman ga mai haihuwar fari da ta tafi wankan gida. Shi kuma gadon, miji ne ko dangi ke saye. Duk wayar da kan da ya tsaya ga mai ciki ita kaɗai, ya bar waɗanda maganarsu ke aiki a ɗakin.

Hanyoyin isa gare su suna nan. Daga Yuli zuwa Oktoba na kowace shekara ma'aikatan lafiya na bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Akwai ranakun awo da na allurar rigakafi a ƙarƙashin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano. Akwai Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta sa Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, da hakimanta da dagatai da masu unguwanni, waɗanda suka taka rawa a yaƙi da cutar shan inna. Ƙara jimla huɗu kan kwanciyar jariri a cikin abin da waɗannan ke faɗa ba ya buƙatar sabon kasafi.

Gwamnatin jihar ma tana sayen kayan ɗaki. A auren gata na Oktoban 2023 ta aurar da ma'aurata 1,800, ta ba su gado da katifa. Cikin shekara ɗaya ko biyu da yawa daga cikin ɗakunan nan sun sami jarirai. Takarda mai shafi ɗaya da Hausa da Ajami, mai ɗauke da awon gadon jariri da hoton yadda ake kwantar da shi, za ta iya bin irin waɗannan kaya, ta kuma isa hannun ƙungiyoyin kafintoci.

Kafin hukumomi su motsa, abin da ya rage a hannun iyaye ba shi da yawa kuma ba shi da tsada. Duk wanda zai sayi gadon jariri ko ya ba da aikinsa, ya gwada tazarar sandunan da gwangwanin lemo, ya danna katifar da hannu, ya cusa yatsu a gefenta, sannan ya tambayi kansa ko gadon zai shiga gidan sauro. Wanda kuma ba shi da halin saye, ya sani cewa tabarma da siririyar katifa mai tauri, a gefen uwa, cikin gidan sauro, a ɗakin da ba wuta, sun cika ƙa'idar da wasu gadajen masu tsada suka kasa cikawa.